Gorar Maganin Argungu

A gidan su Riskuwa da ke Gwadangaji, katangar da ta raba ɗakin Sadatu da na surukarta ba ta kai rufi ba. Magini ya bar sarari a sama don iska, iskar kuwa ba ita kaɗai ke wucewa ba. In Inna Baiwa ta yi tari, Sadatu tana ji. In ta ja carbi, tana jin ƙarar 'ya'yansa. Saboda haka tun da aka kawo ta gidan, maganar da ke tsakaninta da mijinta Riskuwa ba ta wuce ga ruwa, ga tuwo, a dawo lafiya. Ba faɗa, ba ɓacin rai, ba kuma hira. Ita dama ko a gidansu sai an tambaye ta take buɗe baki.

Riskuwa dillalin albasa ne. A shekarun nan da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Sakkwato, yakan bi motar kaya zuwa Ikko, ya sayar, ya dawo a gajiye. Bana kuma iyayen gidansa na kasuwa suka ce ya koma can da zama, ya riƙa tarbar motocinsu in sun iso. An sa tafiyar bayan an fara yankan shinkafa. Ba wanda ya ce za a tafi da Sadatu, ba kuma wanda ya ce za a bar ta. Abin da take so ta roƙe shi ke nan, ya tafi da ita. Ta tsara maganar tana daka, ta gyara ta tana wanki, ta rage ta har ta koma 'yar gajera. Amma duk sanda ta ɗaga kai za ta faɗa, sai idonta ya sauka a kan sararin nan na saman katanga.

Wata rana da hantsi Inna ta shiga maƙwabta barka. Riskuwa ya dawo ɗaukar buhu, ya tarar da Sadatu ita kaɗai tana tsince shinkafa a faifai. Maimakon ya fita sai ya tsuguna a gindin rumbu.

"Kin san abin da nig gani Ikko?" in ji shi. "Bakin teku, ran Lahadi, mutum shi ɗauko matatai su zauna bisa rairayi. Masara guda su karya biyu, su ci, suna kallon ruwa. Ba mai ce musu komi."

Sadatu ta ci gaba da tsintar tsakuwa, amma hannunta ya rage sauri.

"Ba su jin kunya?"

"Kunyar wa? Kowa da tashi matar." Ya yi 'yar dariya. "Mu ba mu da teku, amma muna da Argungu. Kahin in tahi zan kai ki. Mu shiga gidan Kanta ki ga kayan yaƙin mutanen da, mu zaga kasuwa, mu zauna bakin ruwan Matan Fada. Ni da ke."

Maganar nan tata ta taso har bakin harshe, sai ga sallamar Inna daga zaure. Riskuwa ya miƙe ya ɗauki buhunsa kamar dama a tsaye yake. Sadatu ta haɗiye. Ba komai, in ji ta a ranta, a bakin ruwa za ta faɗa, inda ba katanga.

A Gwadangaji ba a ce wa uwa za a fita da mata yawon kallo. Tafiya sai da dalili, ko gaisuwa, ko dubiya, ko biki. Don haka Riskuwa ya ce wa Inna zai je sallama da Baba Dankure, aminin marigayi mahaifinsa Sama'ila, masunci a Argungu. Ya ce kuma Sadatu ba ta taɓa zuwa ta gaida Gwaggo Tamba, matar Dankure, ba tun bayan biki.

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Inna. "Tamba na da riƙo. Ku tahi, ku dawo kahin magariba."

Ranar tafiya Sadatu ta turara dambun shinkafa da zogale, ta zuba masa man gyaɗa da yankakkiyar albasa. Ta ɗauko kwano biyu, ta tsaya tana dubansu, sannan ta mayar da ɗaya. Ta cika guda, ta rufe, ta ɗaure da tsohon ɗankwali. Ba ta taɓa cin abinci a gaban mijinta ba. Da ta tuna haka sai ta ji fuskarta ta yi zafi, ita kaɗai a gaban murhu.

Ta hau bayan babur a karkace, kwanon a cinyarta, hannu ɗaya riƙe da ƙarfen bayan kujera. Suka bar gari. A Zauro fadama ta buɗe, shinkafa ta nuna har iyakar gani, manoma suna kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye. A Ambursa wani ya ɗaga wa Riskuwa hannu, ta ƙara jan mayafi. Da suka wuce nan, inda ba wanda ya san su, ta saki ƙarfen ta kama gefen rigarsa da yatsu biyu. Bai juyo ba, amma ya rage gudu.

Ƙamshin bandar kifi ne ya fara tarbarsu a Argungu. Manyan goruna na kife a kan rumfuna, taruna na rataye a jikin katanga suna shan rana. Riskuwa ya riƙa nunawa da haɓa.

"Can gidan Kanta yake. Kasuwa ta nan. Ruwa na bayan itatuwan can. Mu gaida Baba mu hito, ba mu daɗewa."

A ƙofar gidan Dankure ya tsaya wurin maza, ita ta wuce cikin gida. Gwaggo Tamba, wata katuwar dattijuwa mai murya kamar ta namiji, tana juya kifi a kan banda. Tana ganin baƙuwa ta yar da sandar juyi.

"Lale da ɗiyata. Yau anka tuna da mu? Balaraba, kawo tabarma, ga matar Riskuwa."

Balaraba matar ɗanta Kalilu ce, gajera mai fara'a, ba ta girmi Sadatu da yawa ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta dama fura. Aka gaisa, aka tambayi Inna, aka tambayi damina. Sadatu ta kurɓi furar don kada a ce ta raina, kunnenta yana waje. Ba a jima ba aka ce maigidanta yana kira. Ta ɗauki kwanonta ta nufi zaure, ta tsaya a bayan ƙyaure inda ba a ganinta sosai.

Zauren cike yake. Dankure na zaune a kan buzu, wasu dattawa suna ɗinkin taru, Kalilu yana ba su zare. Riskuwa na tsugune.

"Baba, za mu ɗan zaga gari mu dawo."

"Kai da wa?"

"Ni da ita."

Dankure ya ajiye allurar taru. "Da ita? Mi ta ɓatar cikin garin ga?"

Wani tsoho mai haƙori ɗaya ya ce, "Ɗan Sama'ila ya je Ikko ya koyo abin Turawa. Gobe sai mu gan shi ya goya ta."

Zaure ya ɗauki dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda dattawa ke yi wa yaron da suka san haihuwarsa ce. Amma daga inda take Sadatu ta ga ƙeyar mijinta ta yi gumi. Ya sosa kai, ya dubi ƙasa.

"Ba haka ba ne, Baba. Ba ta jin daɗin jikinta kwanan ga. Anka ce iskar bakin ruwa na yi mata amfani."

Dariyar ta tsaya.

"Ashsha," in ji Dankure. "Mara lahiya ka ɗauko bisa babur cikin ranar ga? Kuma kana son ka ƙara jan ta gari? Kai dai ba ka da hankalin ubanka. Kalilu, gaya ma uwarka ta kwantar da yarinyar ga. Kai kuma in gari kaka son gani, ga Kalilu nan shi kai ka."

Riskuwa ya ɗago ido ya dubi wajen ƙyaure. Sadatu ta jira ya ƙara wata magana. Bai ƙara ba.

Kafin ta koma tsakar gida labari ya riga ta. Gwaggo Tamba ta tare ta da hannu biyu kamar za ta faɗi.

"Shi ya sa nig ga furar ba ta shiga ba. Ke ɗiyar ga, ki zo gidan uwarki da ciwo ki yi shiru?"

Aka shigar da ita ɗakin Gwaggo, aka kwantar da ita a kan gadon ƙarfe mai katifar rimi, aka saki labule. Balaraba ta karɓi kwanon dambu ta tura ƙarƙashin gado. Gwaggo ta zauna a bakin gadon, ya lotsa.

"Ina ke miki ciwo?"

Sadatu ta dubi rufi. Ba abin da ke mata ciwo. Amma in ta faɗi haka, maganar za ta isa zaure kafin ta rufe baki, a ce ɗan Sama'ila ya dubi idon aminin ubansa ya yi masa ƙarya. Kuma ita ce ta tona shi.

"Ba wuri guda ba ne," in ji ta a hankali.

"Na sani. Shi ne mugun." Gwaggo ta ja fatar idonta ƙasa ta leƙa, ta juya tafin hannunta, ta danna farce. "Jini ya yi kaɗan, ga sanyi ya shige ta. Dubi yadda ba ta son magana."

"Ciwon shinkafa ne, Gwaggo," in ji Balaraba daga bakin ƙofa. "Mutanen Birni ba su ganin kihi sai an jiƙa guda an raba ma gida duka."

"Rufe min baki ki hura wuta."

Da Gwaggo ta fita, Balaraba ta matso ta rage murya. "Ke, gaya min tsakani da Allah. Ko dai an samu ne?"

Sadatu ta ja mayafi ta rufe fuska, ta girgiza kai. Balaraba ta yi dariya ta fita.

A nan kwance ta ji an tada babur. Ta san ƙararsa, yakan yi tari kafin ya kama. Ta ji muryar Kalilu yana cewa a bi ta kasuwa tukuna. Ƙarar ta yi nisa, ta ɓace cikin hayaniyar gari.

Ɗakin yana da 'yar taga guda a sama, hasken da ke shigowa ta nan ya sauka a kan jeren kwanonin Gwaggo. Sadatu ta kalle shi yana rarrafe daga wannan kwano zuwa wancan. Aka kawo mata tafasasshen sassaƙe a ƙoƙo, ja kamar ruwan goro, ɗacinsa har cikin kunne. Gwaggo ta tsaya a kanta sai da ta shanye.

Sannan 'yan dubiya suka fara shigowa. Unguwa ta ji cewa akwai baƙuwa mara lafiya a gidan Dankure, ba kuwa wadda za ta yarda a ce ba ta leƙo ba. Suka riƙa ɗaga labule ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da masu goyo, wasu hannunsu da ƙamshin kifi, wasu gefen zanensu a jiƙe.

"Sannu, baiwar Allah. Allah shi sawwaƙe."

"Amin," in ji Sadatu.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi."

Wata ta kawo lemun tsami, wata ta kawo soyayyen kifi a ganye. Suna fita sai su tsaya a tsakar gida suna hira, ita kuma tana ji. Ruwa ya cika bana, in ji su, ya hau har wurin da ake shanya. Jiya an kama giwan ruwa da sai da mutum biyu suka ɗauka. Kasuwa ta cika da sababbin tabarmi daga Augie. Sadatu ta lumshe ido tana harhaɗa garin a ranta daga bakin mutane.

Bayan azahar Balaraba ta shigo ɗaukar kwano. Sadatu ta tashi zaune.

"Ruwan da nisa daga nan?"

"Wane nisa? In kin hau turmin da ke bayan ɗaki kina hango shi."

Da aka jima Sadatu ta ɗauki buta ta zaga baya. Ga turmin nan kife a gindin katanga. Ta waiga, ba kowa. Ta ajiye buta, ta tattare zane, ta ɗora ƙafa ɗaya, ta kama kan katanga ta ɗago. Ta ga kan itatuwa, ta ga balbelu farare suna sauka a bayansu, wurin da ruwan yake. Saura ta miƙe sosai.

"Ke, ɗiyar ga." Muryar Gwaggo ce a bayanta. "Jiri shi kada ke in ce ma Baiwa mi? Sauko."

Ta sauko. Aka mayar da ita gado, wannan karon Gwaggo ta kawo kujerarta bakin ƙofa ta zauna tana gyaran kifi.

Sai bayan la'asar babur ya dawo. Riskuwa ya shigo tsakar gida yin sallama, ya tsuguna nesa da Gwaggo, bai dubi wajen da Sadatu take tsaye ba. Gwaggo ta fito da wata gora da aka toshe bakinta da totuwar masara.

"Ga wanga. Sahe da marece, ƙoƙo guda. Ba daka, ba ɗaukar ruwa. Kuma na ji ance Ikko za ka. To kada in ji an ce ka ja yarinyar ga cikin motar albasa. Ta zauna wurin uwarka har jininta shi dawo. Ka gaya ma Baiwa haka nic ce. Ran kasuwa zan aiko Kalilu da sauran sassaƙen, shi ji yadda ta kwana."

"To, Gwaggo," in ji Riskuwa.

Suka kama hanya rana tana gangarawa. Yanzu kaya biyu ne a cinyar Sadatu, kwano da gora, maganin yana ƙugi a ciki duk sanda suka faɗa rami. Suka wuce Ambursa. Ta san in suka wuce Zauro, sai gida, sai katanga. Ba ta da sunan da za ta kira shi da shi, domin ba ta taɓa kama sunansa ba. Sai ta kama rigarsa ta ja, ba da yatsu biyu ba, da hannu duka.

Ya tsaya a gindin wata tsamiya a gefen fadama. Ta sauka, ta ajiye gorar a ƙasa, ta zauna a kan saiwa. Ya daɗe yana gyara tsayuwar babur kafin ya zo ya tsuguna.

"Bakina ne ya suɓuce," in ji shi. "Kin ga yadda sunka yi min."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani hoto, irin wanda ake ɗauka a ba mutum nan take.

"Wani mai hoto munka iske bakin ruwa."

Ta karɓa. Ga Riskuwa a tsaye, ga Kalilu ya dafa kafaɗarsa yana dariya. A bayansu, tsakanin kunnen wannan da hular wancan, akwai wani siririn abu mai haske da bai kai faɗin yatsa ba.

"Shi ne ruwan?"

"Shi ne. Ya hi haka girma." Ya fara ba ta labarin gidan Kanta, tambura, sulke, masu da takubba, ƙofofin da sai mutum ya sunkuya. Yana magana da sauri. Da ya ga ba ta ɗago ba sai ya bar labarin.

Sadatu ta kwance ɗankwali ta buɗe kwanon. Dambun ya huce, ya dunƙule, albasar ta yi laushi. Ta ajiye shi a tsakaninsu. Ya dube ta, ya dubi kwanon. Ta yi bisimilla ta sa hannu, ta kai baki, tana tauna a gabansa, idonta a kan shinkafar da iska ke kaɗawa. Ya sa nasa hannun. Suka ci har suka ga gindin kwano. Wani manomi ya wuce da lauje a kafaɗa, ya yi musu sannu, ya yi gaba abinsa. Bai ko waiga ba.

"Ina son ka tahi da ni," in ji ta.

Maganar ta fito ƙarama, ba kamar yadda ta daɗe tana jin nauyinta ba. Riskuwa ya goge hannu a ciyawa.

"Ni ma abin da nika so ke nan. Na ma yi maganar ɗaki can. Nic ce sai mun dawo in shawo kan Inna a hankali." Ya dubi gorar. "Yanzu ga wanga."

"Lahiyata lau."

"Na sani."

"To ka gaya ma Inna. Ka ce kallo munka je. In Kalilu ya zo, ta riga ta ji daga bakinka."

"In ce na yi ma Baba Dankure ƙarya?"

"Ni ban iya faɗi. Kai ne za ka faɗi."

Ya tsinki ciyawa ya karya, ya sake tsinkar wata. Can a cikin fadama masu korar tsuntsaye sun fara tattara gwangwanayensu.

"Zan gaya mata," in ji shi. "Muna shiga zan gaya mata."

Sauran hanyar ta riƙe rigarsa har cikin Gwadangaji, ba ta damu da wanda zai gani ba.

Sun tarar da Inna a tsakar gida da buta, tana shirin alwalar magariba. Ta amsa sallamarsu, ta tambayi Dankure, ta tambayi Tamba da ƙafarta mai ciwo. Sannan idonta ya sauka a kan abin da Sadatu ke rungume da shi.

"Gorar mi ce wagga?"

Sadatu na tsaye a bayan mijinta. Ta ga ƙeyarsa, ta ga gumin nan na ɗazu ya sake tsattsafowa. Ya gyara murya. Akuya ta yi kuka a turke. Inna tana jira, ruwa na ɗiga daga bakin buta.

"Magani ne, Inna," in ji Riskuwa. "Gwaggo Tamba ta ba ta. Ta ce jininta ya yi kaɗan."

Inna ta ajiye butar. Ta zo ta kama fuskar Sadatu da hannunta mai sanyi, ta juya ta wajen sauran hasken rana.

"Ni dai na ga shirun ya yi yawa. Ina gida guda da ke, sai Tamba ta gane? Allah shi gafarta min. Shiga ki kwanta."

An fara yankan shinkafa, Riskuwa ya tafi. Da safen da zai tafi ya tsaya a ƙofar ɗakinta da jakarsa, ya ce in ta ji sauƙi zai aiko a kawo ta. Ya faɗa da ƙarfi yadda za a ji ta saman katanga. Ta ce Allah ya kiyaye hanya. Ya ɗan tsaya kamar akwai saura, sannan ya juya.

Kalilu ya kawo sassaƙen ran kasuwa kamar yadda aka ce, ya sake kawo wani bayan nan. Inna ta karɓe tabarya, ta karɓe guga, ta hana ta ko hura wuta. Ta riƙa dama mata kunu da hannunta, tana sa mata hanta a miya. Tun da Sadatu ta zo gidan ba a taɓa tarairayarta haka ba. Yini take a ɗaki, ba daka ba wanki, ba abin da za ta sa hannu a ciki. Hoton yana cikin kwanon nan da suka ci dambu, a saman jere. Takan sauko da shi ta kai bakin taga, ta rufe Kalilu da babban yatsa, ta dubi ɗan siririn hasken da ke bayan kunnen mijinta.

Wata safiya Inna ta shigo da ƙoƙon magani, tururi na tashi. Sadatu ta karɓa ta riƙe, ba ta kai baki ba.

"Inna."

"Na'am, ɗiyata."

"Lahiyata lau. Ba abin da ke min ciwo. Tun can ma ba abin da ke min ciwo."

Inna ta dube ta da tausayi, ta gyara mata mayafin da ya zame daga kafaɗa.

"Haka Tamba ta ce za ki riƙa faɗi. Ta ce ke mai ɓoye ciwo ce." Ta tallabi gindin ƙoƙon ta ɗaga shi zuwa bakinta. "Sha tun da zahi."

Sadatu ta sha.